Abin da Aka Cire a Jikin Letuka

Rumfar askin tumaki, ƙasar Karoo,
Talata, cikin watan Oktoba.

Zuwa ga Yayata 'Maletuka, a Ha Mosiuoa.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa yayar da ta goya shi, ina roƙon Ubangiji Ya sa wannan takarda ta same ki a tsaye da ƙafafunki, ke da duk wanda ke cin tuwo a tukunyarki. Yaya gwiwar taki da sanyin bana? Ina fatan ƙanƙara ta sauka daga kan duwatsu, an kuma fara huɗa. An ce mini jar saniya ta haihu, Allah Ya raya. Mu nan muna raye, ba zan ce fiye da haka ba. Ki gafarce ni da wannan rubutu da ya yi kama da sawun kaji, da hannun hagu nake yi. Na dama yana ɗaure cikin farin simintin asibiti, kuma dalilin ɗaurin shi ne dalilin takardar. Wanda zai miƙo miki ita ɗanki ne Letuka. Kada ki tsare shi da tambaya a bakin ƙofa. Ki ba shi abinci, ki bar shi ya kwanta, sa'an nan ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da ranki ya ɓaci a tsakiya, don na san zai ɓaci.

Wani da ya iso daga gida shekaranjiya ya gaya mini abin da kika yi. Ya ce da Pitso, ɗaya daga masu askinmu, ya kawo muku labarin cewa an yanki naman Letuka don tsafi, kin ɗauko bargon marigayi mijinki Nkoebe, wanda aka samu gawarsa a ciki, kin je har gaban 'yan'uwansa kin jefa musu a ƙasa, kin tambaye su ko har yanzu akwai namiji a gidan. Ya ce yanzu haka suna tara kananzir, kuma kantin Seabata, mai kwangilarmu, suke nufi. Yaya, ban ga laifinki ba. Ni na taya ɗauko Nkoebe daga gindin dutse, na ga abin da aka bari da abin da aka ɗebe tun yana da rai, don wani ya cika ƙahon maganinsa ya yi arziki. Na ga Letuka yana ɗan shekara bakwai ya kutso tsakanin ƙafafun manya ya gani shi ma. Na kuma ga yadda shari'ar ta mutu ba a ɗaure ko da kare ba. Amma ina so ki tuna wanda ke kwana a ɗakin bayan kantin nan. Ba Seabata ba ne. Matarsa 'Malineo ce da 'ya'yanta. Don haka zan faɗa miki abin da ya faru, kuma dole in ambaci wuraren da ƙane ba ya ambata wa yayarsa. Ki yi haƙuri da bakina.

Wata safiya muna tsakiyar aski, Letuka ya saki tunkiya ya durƙushe yana riƙe da mararsa. Ni a ranar an tura ni wata gona da rabin mutanenmu, sai labari na ji. Sun ce gumi ya jiƙa shi, ya yi amai, ɗaya daga 'ya'yan marainansa ya kumbura ya yi ja, ko iska ba ya so ta taɓa shi. Tsietsi, kin san shi, ɗan gidan nan na ƙetaren rafi mai bakin da ba ya rufuwa, ya ce a ba shi giya ya kwanta, ai kewar mace ce ta taru masa. Seabata kuwa bai tsaya magana ba, ya sa aka ɗora shi a gaban sabuwar a-kori-kurarsa, ya hana kowa bin su wai aiki zai tsaya, ya figi mota zuwa asibitin gari. Can aka ce sai an buɗe nan take. Seabata ya sa hannu a madadinmu. Aka yi wa yaron allurar barci, ya farka da ɗinki a wurin da namiji ya fi tsoron wuƙa. Da hankalinsa ya dawo ya tambayi nas ko an cire masa wani abu, ta ce ɗan ƙanƙanin nama ne kawai. Ya ce a ba shi kayansa ya kai gida a binne. Sai ta yi dariya, ta ce an riga an ƙone shi da sauran shara. Wannan dariyar, Yaya, ita ta kusa kashe mutum.

Ki haɗa abin da kanki kamar yadda mutanenmu suka haɗa shi. An kwantar da saurayi mai lafiya, an yanki nama daga mazakutarsa yana da rai, an ƙi nuna naman. Wanda ya kai shi ya hana kowa rakiya. Wanda ya kai shi ya buɗe kanti bara, ya sayi mota bana, kuma a makon da aka sallamo Letuka ya samu kwangilar wasu gonaki da ya daɗe yana nema. Ba sai an faɗi sunan abin ba, kowa ya san shi tun yana goye. Da farko ana raɗa a bakin murhu, daga baya aka daina raɗa. Tsietsi kullum yana tambayar Letuka a gaban mutane, wai ɗan Nkoebe, an ci ubanka an ƙoshi, yanzu kai aka fara ɗanɗanawa, ko za ka jira a dawo ɗaukar saura? Letuka ya daina cin abinci. Ya daina magana da ni. Yana zaune yana wasa almakashinsa a kan dutse ko da ba ranar aikinsa ba ce.

Ba sai na gaya miki ra'ayina a kan Seabata ba. Shi ne mutumin da saƙon rasuwar mahaifiyarmu ya iso hannunsa, ya sa a aljihu sai da muka gama askin gonar da muke, sa'an nan ya miƙo mini yana cewa ai ko na tafi ba zan tashe ta ba. Ke kika zuba mata ƙasa ke kaɗai. Garin masara mai tsutsa yake ba mu. In an ce mini ya faɗa rijiya zan tambayi zurfinta kawai. Kuma ni ma, in gaya miki gaskiya, zuciyata ta so labarin ya zama gaskiya, ta so ƙwarai. Wannan son da na ji a raina shi ya tsorata ni, na ce kafin in ɗaga sanda a kan mutum sai na ji daga bakin wanda ya riƙe wuƙar. Ranar Asabar na bi motar madara zuwa gari, na zauna a bencin asibiti har likitan ya fito.

Baƙo ne kamar mu, daga Yuganda, siriri, idanunsa jajaye don rashin barci. Da ɗan Turancin da na tsinta a ramin haƙar zinariya muka fahimci juna. Da na ce masa mutanenmu suna zargin an sayar da naman, bai yi dariya ba, ya ce a ƙasarsu ma an san irin wannan tsoro. Ya zana mini a bayan wani kwali. Ya ce a saman ɗan maraina akwai wani ɗan tsiro mai siririn wuya, bai wuce ƙwayar dawa ba, ba ya aikin komai, ba ya ƙara haihuwa ba ya rage ta. Wani lokaci yakan murɗe a wuyansa, jini ya daina kai masa, ya yi baƙi ya mutu, kuma zafinsa daidai yake da zafin murɗewar ɗan marainan gaba ɗaya, wanda in aka yi jinkiri mutum ya rasa shi. Shi ya sa ba sa tsayawa canki-canki, buɗewa suke su gani. Ya buɗe, ya ga ɗan tsiron ne kawai, ya cire mataccen, ya rufe. Ya ce Letuka cikakke ne, zai haifi 'ya'ya har su ishe shi. Na ce to me ya kawo abin da ba shi da aiki a jikin mutum? Sai ya ce, a farkon ciki, kafin a san jariri namiji ne ko mace, kowane ɗa yana ɗauke da hanyoyi biyu, ta maza da ta mata. In namiji ne, ta matan sai ta shanye ta ɓace, amma takan bar ɗan guntu. Wannan tsiron shi ne guntun, ragowar abin da da zai zama hanyar mahaifa. Na ce a jikin Letuka kaɗai? Ya ce a'a, a jikin mafi yawan maza, har da shi mai maganar watakila. Na ce duka? Ya ce ba duka ba, akwai waɗanda ba su da shi. Ki riƙe wannan amsar, za ki ga inda ta tsaya mini a wuya.

Na kwana a tashar mota, na kamo hanya ranar Lahadi, rabi a mota rabi a ƙasa. Duk hanyar ina juya maganar. Yaya zan tsaya gaban mazan da suka yi kaciyarsu a kan dutse cikin ƙanƙara, waɗanda ba sa ko cin abinci kwano ɗaya da wanda bai je ba, in ce musu abin da aka cire wa Letuka guntun mace ne? Na ga cewa in na yi shiru Seabata ya mutu, in na yi magana na tuɓe ɗanki a kasuwa. Ban gama zaɓa ba na iso gonar, rana ta ɗan karkata. Bature mai gona ya tafi coci da iyalinsa. Tun daga shingen waya na ji waƙa, irin wadda ake yi in za a fita faɗa, a ƙarƙashinta kuma wani sauti kamar ana bugun buhu.

Sun ɗaure Seabata a kan teburin da ake baje gashin tumaki, da wayar ɗaure dami, hannu da ƙafa. Wayar ta shige cikin naman wuyan hannunsa. Sun riga sun yi masa aiki da sanduna, fuskarsa ta zama abin da ba zan kwatanta miki ba, idon hagu ya fashe yana zuba a kunne, haƙoransa biyu suna ƙasa cikin kashin tumaki. Jini yana bin tsakanin katakan teburin yana ɗiga a kan farin gashin da ke ƙasa. Sun fasa motarsa sun samo ƙahon magani mai baƙin kitse, Tsietsi yana ɗaga shi sama yana cewa ga ɗan Nkoebe nan a ciki, ku sansana. Ƙaho, Yaya, irin wanda rabin mutanen da ke wurin suke da shi a ƙasan jakarsu, ni ma ina da nawa. Suna dukansa suna tambaya nawa likita ya ba ka, ina sauran naman. Shi kuma yana kiran uwarsa, babban mutum mai tumbi, yana cewa ku tambayi asibiti, don Allah ku tambayi asibiti. Letuka yana tsaye a wajen kansa da almakashi a buɗe. Shi suke jira. Sun ce jinin nasa ne, shi zai rufe.

Na shiga tsakiya na ce a saurare ni, ni ne kawun yaron, ba a yanka a kan maganarsa sai na yi tawa. Wannan kam sun ba ni, don ko a buge suke sun san haƙƙin kawu. Na faɗa musu duk abin da likita ya ce, ban rage ba sai abu ɗaya. Na ce kowane namiji yana da shi, kowa da kowa, ban ce mafi yawa ba. Da na kai wurin guntun mace, sai dariya ta ɓarke a rumfar. Tsietsi ya dafe ƙugu yana rangwaɗa, yana cewa jama'a ku ji, Baba Motseki ya je gari ya dawo mana da albishir, ashe duk 'yan mata ne mu, a kawo mana zannuwa da ɗan kunne. Wani ya ce shi ya sa Letuka ya iya dama kunu. Wani ya ce a tambaye shi wata nawa ne cikin. Na dubi ɗanki. Da na soka masa wuƙa da ya fi masa sauƙi. Ya ce mini, a hankali, Kawu, abin da ka je ka samo mini ke nan? Na ce shi ne gaskiya, ɗana. Ya ce to gara tsafin.

Daga nan abin ya lalace ta inda ban zata ba. Kin san mu, kowace shekara hannunmu na fiɗiye 'yan raguna ba adadi, buɗe wurin nan a gare mu kamar ɓare gyaɗa ne. Tsietsi ya daina dariya ya ce to madalla, magana ta zo da sauƙi. Tunda kowane namiji yana da shi, ga namiji nan a ɗaure. A buɗe a duba. In an ga 'yar ƙwayar dawar, likita ya yi gaskiya, a kwance shi a ba shi haƙuri. In ba a gani ba, an san sauran. Suka amsa da ihu kamar an yi musu kyauta. Aka ja wandon Seabata ƙasa, wani ya zaro wuƙar fiɗiya daga hularsa ya goge a cinya. Seabata ya saki fitsari. Ni na ba su wannan dabarar da bakina, Yaya. Na zo kashe wuta na zuba mata mai. Kuma ni kaɗai a rumfar na san cewa ana iya buɗewa ba a ga komai ba, ko da yake buɗewar ma kaɗai, da wannan wuƙar, a hannun bugaggu, ta isa ta kai shi kabari.

Ban san lokacin da na kwance bel ɗina ba. Ba jarumta ba ce, gajiya ce. Na gaji da ɗauko mutane daga ƙasa a cikin bargo. Na tuɓe a gaban yaran da na girmi iyayensu, na hau teburin na kwanta kusa da mutumin da na fi ƙi a duniya, kafaɗata tana cikin jininsa. Na ce Seabata ba danginku ba ne, abin da ke jikinsa ba ya shaidar abin da ke jikin Letuka. Ni da uwar yaron ciki ɗaya muka fito. Kuma ku kuka sani, a wurinmu kawu uwa ce a jikin namiji, in akwai wanda za a samu ragowar mace a jikinsa, ni ne. A buɗe ni. Amma ba Tsietsi ba, ba kowa ba, Letuka zai riƙe wuƙar, tunda shi ke neman amsa. Na ce zo, ɗan yayata, kai ne ka fi kowa sauƙin hannu a kan raguna, ni na koya maka. Suka tura shi gaba, aka sa masa wuƙar a hannu.

Ya tsaya a kaina. Ina kallon rufin kwano, ina jin sanyin ƙarfen a fatata. Ban yi addu'a ba, abin da kawai ya zo mini shi ne ranar da kika haife shi, da aka watsa mini ruwa, albishir ɗin haihuwar mace a wurinmu, sai aka ce a'a, sanda za a buga maka, namiji ne. Ya daɗe a haka. Hawayensa yana sauka a cikina. Sai Tsietsi ya ce kai, ashe da gaske mace ce, kawo in taya ki, ya kama wuyan hannun yaron ya danna. Na ji wuta ta tsaga ni daga nan har cinya. Na yi ƙara, ba zan ɓoye ba, na yi ƙarar da ban yi ba ko a kan dutse. Abin da ya biyo baya da ido ɗaya na gan shi. Letuka ya saki wuƙar, ya juya ya sa wa Tsietsi goshi a hanci, ya fizgi sandar wani ya sauke masa a muƙamuƙi. Na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. 'Yan'uwan Tsietsi suka taso, mutanen ƙauyenmu suka tare su, rumfa ta rikice, sanda a kan sanda, almakashi a hannun wasu, tumaki suka ɓalle shinge suka shigo suna tattake waɗanda suka faɗi. A cikin haka wani, na san shi amma ba zan rubuta sunansa ba, ya ga dama ta samu ya ɗaga sanda zai fasa kan Seabata. Hannuna ne ya fi kusa. Na ɗora shi a kan fuskar mutumin, sandar ta sauka a nan. Hannun da na yi shekara talatin ina ci da shi.

Ɗanki ne ya tsayar da faɗan. Ya hau teburin ya tsaya a kanmu mu biyu, ƙafa a nan ƙafa a can, ɗinkinsa ya ɓalle jini na bin wandonsa, yana juya sanda yana cewa duk wanda ya matso sai uwarsa ta yi makoki. Ya ce an yanka ubansa yana ɗaure, ba za a ƙara yanka ɗaurarre a gabansa ba, ko da Shaiɗan ne. Ba wanda ya matso. Giya ta fara sakinsu, suka ga jinin da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Shi ya warware wayar da hannunsa. Da Bature ya dawo daga coci ya kwashe mu a bayan mota, ni da Seabata da Tsietsi da Letuka, muna kwance jere kamar buhunan gashi, kowane rami a hanya sai mu yi nishi tare.

Likitan nan dai shi ya karɓe mu. Ya dube ni, ya dubi sauran, ya ce ashe ka isar da saƙon. Ya ɗinke ni. Yana ɗinkin na ce masa, tunda an riga an buɗe, ya leƙa mana ya ga ko ina da ita. Ya ce wuƙar ba ta kai can ba, fata kawai ta tsaga da cinya. Don haka har yau ban sani ba, Yaya. Na kwanta a kan tebur saboda abin da watakila ba ni da shi.

Yanzu ga lissafin da ya rage, kuma zan ba kowa nasa. Seabata ya rasa idon. Da 'yan sanda suka zo gadonsa suka tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce faɗan giya ne, bai ga fuskar kowa ba. Bai ambaci Letuka ba, alhali yana iya sa a rufe shi shekaru. Wannan na rubuta masa. Likita kuma ya ce gudun da ya yi da yaron ranar farko, da ɗan marainan ne ya murɗe, wannan gudun ne zai cece shi. Wannan ma na rubuta masa. Da na je gaishe shi, ya juyo da ido ɗayan ya kalli simintin hannuna, bai ce na gode ba, ya ce Motseki, ka san dai ba na ɗaukar mai hannu ɗaya aiki. Wannan shi ne Seabata. Mugu ne, marowaci, kuma bai sayar da naman ɗanki ba. Duka ukun gaskiya ne, ba yadda zan yi da su. Tsietsi yana shan kunu ta tsinke, an ɗaure masa baki da waya, karo na farko da aka huta. Ni zan zauna nan in share rumfa da hannun hagu har a cire simintin, Bature ya yarda da wannan. Ko yatsun za su sake riƙe almakashi, likita ya ɗaga kafaɗa.

Letuka na tura shi gida don ba zai iya zama a nan ba. Sun riga sun laƙaba masa suna, kuma sunan zai riga shi isowa ƙauye, ni na jawo masa. Ya yi mini magana sau ɗaya tun ranar, a asibiti, ya ce Kawu, da na danna fa? Na ce da ka danna da ka gani, ko ba ka gani ba. Bai yi dariya ba. Ki kula da shi. In 'yan'uwan ubansa suka zo suna zuga shi, ki tuna cewa ya riga ya tsaya a kan ɗaurarren mutum da ƙarfe a hannu, ya ga yadda abin yake daga wancan gefen, kuma ya sauko. Kada ki mai da shi can.

Abin da nake roƙonki ɗaya ne. Ke kika jefa bargon, ke kaɗai za ki iya ɗauke shi. Ki je gidan 'yan'uwan Nkoebe tun kafin ki dafa abincin dare, ki sa a karanta musu wannan takarda in sun so, har da wuraren kunyar, ni na yafe kunyata. Ki ɗauko bargon mijinki ki mai da shi akwati. Waɗanda suka yanka shi suna nan, sun tsufa, wasu suna zama a bencin gaba a coci, kuma ba ɗayansu da ke kwana a bayan kantin nan. Na san shekarun da kika yi kina jiran ranar da wani zai biya. Ni ma na jira. Wannan ba ita ba ce.

Ki gaishe mini da Baba Lerotholi, ki ce masa sirdin da ya ara ya riƙe, ba zan hau doki bana ba. Ki gaishe da Inna 'Mathabiso da jikokinta, da ƙanwarmu Nthati in ta zo daga Maseru, da Fada in ya hau dutsen wannan watan. Ki gaishe da 'yata Puleng, kada a gaya mata zancen hannun, ki ce mata aiki ne ya riƙe ni. A ƙarshe ki gaishe mini da 'Malineo matar Seabata. Wannan gaisuwar ba ta aike ba ce. Ki kai ta da ƙafarki, ki shiga har ɗakin bayan kantin, ki zauna, ki karɓi ruwan da za ta ba ki. In kuwa masu kananzir sun ƙi jin magana, to su zo su tarar da ke a ciki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba mu ruwan sama, Ya ƙosar da mu.

Ƙanenki,
Motseki.